Zanzibar ko Maldives: ina zan kai iyalina a hutun Agusta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina tara kuɗi don in kai maiɗakina da yaranmu biyu hutun mako guda a bakin teku idan an rufe makaranta a watan Agusta. Ita hankalinta ya tafi Maldives saboda hotunan da take gani, ni kuma ana ta yaba mini Zanzibar. Muna son inda ba za mu damu da abinci ko sutura ba, kuma aljihun matsakaici ne. Ina ya fi? Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya saka maka da alheri bisa wannan niyya, kyautata wa iyali ba ƙaramin abu ba ne. Kai tsaye zan faɗa maka: a watan Agusta, da yara biyu da kuɗi daidai gwargwado, Zanzibar, tsibirin nan na Tanzaniya, ita ce taku.

Fara duba yanayi. Daminar Zanzibar mai ƙarfi tana sauka daga Maris zuwa Mayu, daga Yuni zuwa Oktoba kuwa sama ta washe, ga iska mai ɗan sanyi. Maldives akasin haka take, raninta daga Disamba zuwa Afrilu ne, Agusta kuwa tsakiyar daminarta ce. Farashi kan sauka, amma hadari na iya tsare ku a ɗaki.

Batun abinci da addini, hankalinka ya kwanta a duka biyun. 'Yan ƙasar Maldives Musulmi ne, haka ma mafi rinjayen mutanen Zanzibar. Za ku ji kiran sallah, kuma hijabin Hajiya ba zai zama baƙo ba. Sai dai a manyan otal-otal na masu yawon buɗe ido ana sayar da giya, kuma za ku tarar da shigar da ba ku saba da ita ba a bakin ruwa. Ka binciki masaukin kafin ka biya.

Yanzu ga inda hotuna ke ruɗin mutane. Maldives tsibirai ne kusan 1,200, ƙanana sosai, kuma yawancin wuraren da Hajiya ke gani otal guda ne ya mamaye tsibiri guda. Kun sauka a filin jirgin Velana kusa da Male, babban birnin ƙasar, sai ku sake biyan kuɗin kwale-kwale mai inji ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, kuma kuɗin nan kowane mutum da nasa ne. Ƙaramin jirgin ma da rana kawai yake tashi. Da kun isa, babu kasuwa, babu mai shayi, ko ruwan sha a farashin otal za ku saya, ga haraji da kuɗin hidima a kai. Amarya da ango za su ji daɗin wannan keɓewa, amma yaro ɗan shekara bakwai bayan kwana biyu zai fara tambayar ina za a je. Akwai hanya mai rahusa: tun 2009 aka ba mazauna damar buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da jama'a ke zaune, irin su Maafushi. Wannan ku ajiye shi sai wata shekarar, a watan Janairu ko Fabrairu.

Zanzibar kuwa gari ne mai rai. Tsohon birnin, Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2000, lunguna ne matsattsu da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, gadon zamanin sarakunan Oman. Bayan magariba ku gangara lambun Forodhani, inda ake gasa kifi a gabanku, ana matse rake da citta da lemun tsami. Ku ware yini guda don gonakin kayan ƙamshi. Kanumfarin da Hajiya ke zubawa a kunun aya, yara za su gan shi ɗanye a kan bishiyarsa, su shinshini ɓawon kirfa da aka ɓare nan take. Ga manyan kunkuru a tsibirin Changuu, ga jajayen birai a dajin Jozani.

Wurin kwana na buƙatar lura. A gabar gabas, wajen Paje da Jambiani, teku kan janye da nisa sau biyu a yini, sai ka ga mata na aikin ciyawar ruwa a inda ɗazu igiyar ruwa ke kaɗawa. Abin sha'awa ne, amma mai son yara su yi wasan ruwa a kowane lokaci ya nufi arewa, Nungwi ko Kendwa. Shawarata, kwana biyu a cikin birni, sauran a arewa.

Takardu ne kaɗai inda Maldives ta fi sauƙi, don ita tana ba da bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi. Zanzibar ɓangaren Tanzaniya ce, kuma mai fasfon Najeriya ba a buga masa biza a bakin shiga. Sai ya nema ta intanet, a tantance shi, ya jira amincewa, abin da kan ɗauki makonni. Don haka ka nema tun watan Mayu, kuma kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin amsa ta fito. Tun Oktoban 2024 kuma dole kowane baƙo ya sayi inshorar gwamnatin Zanzibar, dala 44 ga babba. Kowannenku ya riƙe katin rigakafin shawara, ku ga likita kan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, musamman saboda yaran.

Jirgin Ethiopian Airlines na tashi daga Kano ya bi ta Addis Ababa, daga can a wuce Zanzibar. Agusta lokacin cikar baƙi ne a tsibirin, saboda haka ka kama ɗaki da wuri, wanda za a iya sokewa ba tare da asara ba, ka kuma tambaye su ko kuɗin ya haɗa da karin kumallon yara da motar ɗauko ku daga filin jirgi.