Inna ta gaji da shan magani, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata ta haura shekara 70, tana fama da hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa, kuma ƙwaya iri bakwai take sha kullum. Ina gyara mata shimfiɗa kwanan baya sai na tarar da ƙwayoyi ƙulle cikin tsumma a ƙarƙashin matashi. Da na yi mata magana ta ce cikinta ya gaji, maganin ya fi tuwon da take ci yawa. In matsa mata ne ko in ƙyale ta? Daga wata mai karatu, Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Kada ki ɗauki maganarta a matsayin rigimar tsufa, domin yawancin dattawa suna shan magani ne saboda kunyar likita da tausayin 'ya'yan da suka kashe kuɗi, alhali a zuciyarsu sun ƙosa. Wanda ya saba a zo gare shi neman shawara, yau kuma jikarsa ke tsaye a kansa da kofin ruwa tana ƙirga masa ƙwaya, dole abin ya taɓa shi, kuma ɓoyewar da Inna ta yi ta fi kama da gudun ɓata miki rai.

Kukan nata yana da tushe a likitance. Da zarar magungunan da mutum ke sha kullum sun kai iri biyar, muna sa ido sosai, saboda ƙoda da hanta suna rage ƙarfin fitar da magani daga jiki idan shekaru sun ja. Maganin ciwon gaɓɓai irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saye ko a kan tebur a kasuwa, suna iya ɗaga hawan jini, su taɓa ƙoda, su jawo gyambon ciki. Amlodipine, wani maganin hawan jini, yakan kumbura ƙafa, sai wani likitan da bai san ana shan sa ba ya ƙara maganin sa fitsari, wanda a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu yake iya ƙarar da ruwan jikin tsohuwa har jiri ya kayar da ita a hanyar banɗaki. Glibenclamide kuma, wani maganin ciwon suga, yana iya sauke suga fiye da kima idan ba ta ci abinci sosai ba, balle ranar da ta ɗauki azumi.

Duk da haka, kada ku tsayar da ko ɗaya da kanku, domin barin maganin hawan jini yana iya kaiwa ga shanyewar ɓarin jiki. Ki tattara duk abin da take sha a leda ɗaya, har da jiƙo da sassaƙen da maƙwabta suke kawo mata (sau da yawa shi ake ɓoye mana), ki kai wa likita guda tare da ita. Ki nemi ya faɗi aikin kowace ƙwaya, da wadda za a iya ragewa, da ko akwai mai haɗa magani biyu a ƙwaya ɗaya. A gabansa ki bar Inna ta faɗa da bakinta wacce ce ke tayar mata da zuciya, wacce ce ke hana ta barci, kuma ki gaya masa kwana nawa ta yi ba ta sha ba, don kada ya ga awon jininta ya hau ya ƙara mata wani a kan na da.