Tambaya da Amsa: Mene Ne Mol, Kuma Me Lambar 46 Ta Jikin Buhun Yuriya Take Nufi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare, gidanmu yana wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kafin Hausa ta Jihar Jigawa. An koya mana darasin mol a kemistiri, na haddace cewa ana raba nauyin abu da nauyin mol ɗinsa, kuma nakan sami amsa daidai, amma har yanzu ban san abin da nake lissafawa ba. Da damina ta kama, mahaifina ya sayo taki ya tambaye ni ma'anar 46-0-0 da ke jikin buhun yuriya da 15-15-15 da ke jikin na kamfa, na kasa ba shi amsa, abin kuwa ya dame ni. Shin waɗannan lambobin suna da alaƙa da darasin namu?

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya kuma saka wa mahaifinki, domin tambayar da ya yi miki ita ce ainihin darasin da ake koya muku.

Ki tuna yadda ake cinikin goro. Idan aka ce an kai ƙwarya biyu gidan biki, ba wanda zai nemi sanin girman ƙwaryar, saboda kowa ya san goro ɗari biyu ake nufi. Kalmar ƙwarya a nan sunan adadi ce, kamar yadda dozin yake nufin sha biyu, kiret ɗin ƙwai kuma talatin. To, mol ma sunan adadi ne, ba sunan nauyi ba, kuma ba sunan awo irin na tiya ko mudu ba. Abin da ya bambanta shi da ƙwarya shi ne yawansa, domin mol ɗaya yana nufin ƙwayoyi 602,200,000,000,000,000,000,000, wanda ake taƙaitawa a rubuta 6.022 × 10²³. Da dukkan mutanen duniya, su biliyan 8, za su zauna kowa yana ƙirga ƙwaya ɗaya a daƙiƙa ba dare ba rana, sai sun haura shekara miliyan 2 kafin su ƙirga mol guda. Amma duk wannan yawan, mol ɗaya na ruwa giram 18 ne kacal, wato ɗan abin da ya ɗara cikin babban cokali. Daga nan za ki gane ƙanƙantar ƙwayar zarra.

Dalilin da ya sa masana suka nemi adadi mai yawa haka shi ne, sinadarai da ƙirga suke haɗuwa, ba da nauyi ba. Kowace ƙwayar ruwa haɗakar zarrar haidirojin biyu ce da zarrar oksijin ɗaya, shi ya sa ake rubuta ta H₂O. Sai dai babu idon da zai ga zarra, balle hannun da zai ƙirga ta, sikeli kawai muke da shi. Dabarar da aka yi ita ce a zaɓi adadin da zai sa lambar nauyin kowace zarra, wadda take rubuce a jadawalin sinadarai, ta zama nauyin mol ɗinta a giram. Haidirojin yana da 1, don haka mol ɗinsa giram 1 ne; kabon yana da 12, naitirojin 14, oksijin 16. Giram 12 na kabon da giram 16 na oksijin nauyinsu ya bambanta amma yawan ƙwayoyinsu ɗaya ne, kamar yadda dozin ɗin kabewa ya fi dozin ɗin lemon tsami nauyi alhali kowanne sha biyu ne. Saboda haka duk lokacin da kika raba nauyin abu da nauyin mol ɗinsa, abin da kike tambaya shi ne, mol nawa ne a cikin wannan tulin? Da a ce kowane goro nauyinsa ɗaya da ɗan'uwansa, da mai goro ya ɗora huhu a sikeli ya san ƙwarya nawa ke ciki ba tare da ya kwance shi ba. Wannan shi ne abin da kike yi a aji.

Ana kiran wannan adadi da sunan Amedeo Avogadro, mutumin birnin Turin na Italiya, wanda a 1811 ya kawo ra'ayin cewa iskoki mabambanta, idan suka cika wuri mai girma ɗaya a zafi ɗaya da matsi ɗaya, to yawan ƙwayoyinsu ɗaya ne. Shi kansa bai san lambar ba har ya rasu a 1856. Wani masani Bafaranshe mai suna Jean Perrin ne ya ba da shawarar a raɗa mata sunansa a 1909. An shigar da mol cikin manyan ma'aunan duniya a 1971, kuma daga watan Mayu na 2019 aka tsayar da lambar a kan 6.02214076 × 10²³ daidai. A jarrabawar WAEC ko NECO, 6.02 × 10²³ ta wadatar.

Yanzu mu koma kan buhun mahaifinki. Ana rubuta yuriya CO(NH₂)₂, ma'ana kowace ƙwayarta tana ɗauke da kabon ɗaya, oksijin ɗaya, naitirojin biyu, da haidirojin huɗu. Ki lura da ƙaramar 2 da ke bayan baka, domin ita take ninka duk abin da ke cikin bakan, kuma a nan ɗalibai da yawa suke tuntuɓe. Ki tara nauyinsu: kabon 12, oksijin 16, naitirojin sau biyu 28, haidirojin sau huɗu 4, jimla 60. Ke nan mol ɗaya na yuriya giram 60 ne, kuma a cikin wannan 60 ɗin naitirojin yana da 28. Idan kika raba 28 da 60 kika ninka da 100, za ki sami kusan kashi 46.7 cikin ɗari. Ga lambar 46 ɗin ta fito. Abin da ya sa ba a rubuta ta cif ba shi ne takin da ake sayarwa ba ya rasa ɗan danshi da ɗan wani abu a ciki, sai kamfani ya rubuta abin da zai iya tsaya wa. Sifili biyun da suka biyo baya kuwa suna nuna babu fosfaras kuma babu fotashiyam a cikinsa.

Ki gwada ta hanyar mol ki ga ko amsar za ta yi daidai. Buhu mai kilo 50 giram 50,000 ne, idan aka raba da 60 sai a sami mol 833 da 'yan kai. Kowane mol na yuriya yana ba da mol biyu na zarrar naitirojin, wato kusan 1,667, kuma idan aka ninka da giram 14 sai ya kai kilo 23 da ɗan ɗoriya. Abin da za ki faɗa wa mahaifinki shi ne, a cikin kilo 50 da ya biya kuɗi ya saya, kimanin kilo 23 ne naitirojin, abincin da ke sa ganyen gero da dawa da shinkafa yin kore shar.

Lissafin kamfa yana da wata 'yar ƙura da ya kamata ki sani. Lambar farko ta naitirojin ce, don haka buhun 15-15-15 mai kilo 50 yana da kilo 7.5 na naitirojin, kuma sai an haɗa buhu uku kafin a kusa cim ma abin da buhun yuriya ɗaya yake da shi. Amma lamba ta biyu da ta uku ba tsagwaron fosfaras da fotashiyam suke nunawa ba. Bisa al'adar masana'antar taki, ana lissafa su ne a matsayin P₂O₅ da K₂O, wato haɗakar fosfaras da oksijin, da haɗakar fotashiyam da oksijin. Nauyin mol na P₂O₅ shi ne 142, fosfaras yana da 62 a ciki, wato kusan kashi 44 cikin ɗari. Na K₂O kuma 94 ne, fotashiyam yana da 78, kusan kashi 83. Ke nan buhun yana ɗauke da kimanin kilo 3.3 na fosfaras da kilo 6.2 na fotashiyam. Kada wannan ya sa a ɗauka yuriya ta fi kamfa, domin aikinsu ba ɗaya ba ne: fosfaras yana gina saiwa, shi ya sa ake sa kamfa da wuri, a biyo da yuriya idan shuka ta tashi. Ina kuma roƙon ki tuna wa mutanen gida su riƙa rufe yuriya da ƙasa mai danshi, saboda idan aka watsa ta a fili cikin zafin rana, wani ɓangare na wannan kilo 23 ɗin yana zama iskar amoniya ya tashi.

Abu ɗaya da nake so ki kiyaye a jarrabawa shi ne ki tambayi kanki, mol ɗin mene ne? Mol na zarrar oksijin giram 16 ne, amma iskar oksijin da muke shaƙa O₂ ce, mol ɗinta giram 32. Kafin ki taɓa na'urar lissafi, ki rubuta alamar sinadarin a cike. Ga kuma aikin gida: akwai takin da ake rubutawa (NH₄)₂SO₄, lambar salfa 32 ce. Ki nemo kashi nawa ne naitirojin a cikinsa. Idan kika sami 132 a matsayin nauyin mol da kusan kashi 21 cikin ɗari, to kin kama hanya, sai ki lissafa wa mahaifinki buhu nawa nasa zai tsaya a madadin buhun yuriya ɗaya.