Tambaya da Amsa: Aikin Babban Lambu a Ƙauyen Ingila Bayan Wucewar Sanyi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Kura ne ta jihar Kano, na taso ina ban ruwa a lambun mahaifina, yanzu kuma ina aiki a lambun wani babban gida a karkarar Yokshiya ta Ingila. A ƙarshen Fabrairu rana ta fito, sai na ɗauki shebur na kafce fangali uku domin in burge shugaban ma'aikata, amma da ya gani ransa ya ɓaci, ya ce na ɓata ƙasar. Mene ne laifina, kuma wane aiki ya kamata a yi a wannan lokaci?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, laifinka shi ne ka je wa ƙasar Ingila da hankalin manomin Kura. A gida, abin da mai lambu yake gudu shi ne fari, don haka duk wanda ya riga wani kafta da ban ruwa shi ne gwani. A inda kake, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, ƙasa tana cike da ruwan da ta sha tun watan Nuwamba, kuma idan mai laka ce, takawa a kanta ko juya ta da shebur yana matse ta ya kore iskar da ke cikinta, sai ta bushe ta zama ɓurguje masu tauri kamar tubali, waɗanda saiwa ba ta iya ratsawa. Kafin ka sake taɓa shebur, ɗebi ƙasa cikin tafin hannu ka dunƙule ta. Idan ta manne ta yi santsi har ta bar maka danshi a yatsu, ka rabu da ita. Idan ta marmashe da ka danna ta da babban yatsa, to ta yi. Inda ya zama dole ka shiga fangali, shimfiɗa katako ka taka a kansa.

Fangali ukun da ka riga ka kafce kuwa, kada ka sake juya su. Ka bar su su sha iska, ka farfasa saman da manjagara in sun bushe, sannan ka lulluɓe su da ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita 5 zuwa 7, tsutsotsin ƙasa za su ja shi ciki.

Ranar da ta ruɗe ka ma ba abin dogaro ba ce. A arewacin Ingila daren da raɓa ke daskarewa yana iya zuwa har cikin watan Mayu, kuma yawancin iri ba ya tsirowa sai zafin ƙasa ya kai wajen digiri 7. Shi ya sa tumatir da barkono, waɗanda ka saba watsawa a fili, can ana fara renon su ne a ɗakin gilashi. Dankalin Turawa kuma ana jera irinsa a kwalin ƙwai kusa da taga, idanunsa na kallon sama, har ya fitar da gajeren toho mai kauri, sannan a binne na farko daga ƙarshen Maris.

Babban aikin wannan lokaci na almakashi ne. Furen wardi ana datse shi a Maris kafin ya yi nisa da toho: a fara cire busassun rassa da masu cuta da waɗanda ke gugar juna, sannan a yanka sauran kaɗan a saman idon da ke kallon waje, domin tsakiyar itacen ta samu iska. Tuffa da fiyar Turai (pear) ana gama gyaransu kafin su farka daga barcin sanyi. Sai dai akwai tarko a nan: itacen fulam da na ceri, masu 'ya'ya da ƙwallo ɗaya a ciki, ba a taɓa su sai lokacin zafi, domin raunin da aka yi musu cikin danshi yana zama ƙofar wata cutar naman gwari da ke mayar da ganye launin azurfa, har ta kashe reshe. Ka tambayi sunan kowane itace kafin ka ɗora masa zarto, tambaya ba ta rage wa ma'aikaci daraja.

Shinge yana da nasa hukunci. Tsuntsaye suna sheƙa daga Maris zuwa Agusta, kuma dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta haramta wa mutum ya lalata da gangan sheƙar da tsuntsu yake amfani da ita, saboda haka babban askin shinge ana gama shi ne kafin Maris. Filin ciyawa kuma, askin farko ana ɗaga wuƙar inji sama a rage kai kawai, a rana busasshiya. Furen dafodil mai ruwan ɗorawa, wanda ya cika irin waɗannan lambuna, ana barin ganyensa kimanin mako 6 bayan furen ya bushe, komai muninsa, domin da shi ne albasarsa take tara abincin baɗi.

Tambaya: Dodon koɗi yana cinye mini tsiron latas da dare. Wane magani zan saya? Daga wata mai karatu a Wels.

Amsa: Hajiya, ƙwayar maganin metaldehyde da aka saba watsawa an haramta sayar da ita da amfani da ita a Birtaniya tun Afrilun 2022, saboda illarta ga tsuntsaye da bushiya. Wadda aka yi da sinadarin ƙarfe tana nan a shaguna, a barbaɗa ta kaɗan kaɗan. Ni dai na fi amincewa da tocila da bokiti: ki fita bayan isha'i a daren da aka yi yayyafi, ki tsince su da hannu, ki kuma riƙe latas ɗin a tukwane har ya yi ƙwari kafin ki dasa shi.