Zare yana cukurkuɗewa a ƙasan yadi: ga abin da za ki duba

'Yar'uwa, kin ce kekenki Butterfly yana tara zare cunkus a ƙasan yadi, kuma kin kunce gidan bobin har sau uku ba a dace ba. Ki bar bobin ya huta. Galibi idan cukurkuɗewar a ƙasa take, laifin zaren sama ne.

Ki zare shi gaba ɗaya, ki ɗaga ƙafar da ke danne yadi, sannan ki sake zura shi daga farko. Ɗaga ƙafar nan shi ke buɗe faifan tenshan biyu masu matse zaren sama, zaren ya shige tsakaninsu. In kin zura ƙafar tana ƙasa, zaren a waje zai tsaya, ba abin da ke riƙe shi. Ki tabbata kuma ya ratsa ƙarfen nan mai hawa da sauka. Da za ki fara ɗinki, ki riƙe jelar zaren biyu ta baya har allura ta yi sara uku ko huɗu.

In bai daina ba, ki canza allura. Lamba 14 ta ishi atamfa, yadi mai kauri yana son 16.

Sai tsafta. Ki cire farantin da ke ƙarƙashin allura, ki share auduga da ƙurar hunturu daga haƙoran da ke jan yadi da tsohon buroshi, ki ɗiga man keke ɗigo ɗaya inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Don Allah ban da man gyaɗa, yana daskarewa ya kama keken.