Kyanwata ta haihu, kullum sai ta kwashe 'ya'yanta: me zan yi?

Tambaya: Likita, kyanwata ta haifi 'ya'ya huɗu kwana uku da suka wuce, a ƙarƙashin gado. Yara sun hana su sakat da ɗauka, har sau biyu tana canja musu wuri. Ɗaya ya fi sauran ƙanƙanta, ga yawan kuka. In ba shi madarar shanu? Kuma da gaske ne idan aka taɓa su uwar za ta cinye su?

Amsa: Malama, ajiye madarar shanun nan tukuna, zan dawo kanta. Mu fara da kwashe-kwashen.

Kyanwa ba ta jigilar 'ya'ya a baki haka kawai. Wurin ne bai kwanta mata ba, ko don hayaniya, ko haske, ko yawan hannu. Kowace ƙaura kuwa da haɗarinta: tana iya barin ɗaya a ƙasa mai sanyi, ko ta cusa su bayan firji ko cikin injin wanki. Ki samo kwali mai faɗin da za ta miƙe a ciki, wanda ita za ta iya tsallake gefensa amma 'ya'yan ba za su rarrafo waje ba. Ki shimfiɗa tsumma mai tsabta wanda zarensa bai warware ba, don zare yana naɗe musu ƙafa ko wuya. Ki ajiye kwalin a ɗaki mai duhu-duhu da ake iya rufewa, da abinci da ruwa kusa, kwanon yashin bayan gidanta kuma can gefe. Idan ta ƙi wurin ta zaɓi wani lungu marar haɗari, kai mata kwalin can. Ba a jayayya da kyanwa mai jego.

Batun taɓawa, an zuzuta shi. Kyanwar da ta saba da ke ba za ta ƙi ɗanta don ta ji ƙanshin hannunki ba. Cin ɗa yana faruwa, amma da wuya, kuma galibi wanda ya zo a mace ne ko marar lafiya, ko uwar ta firgita matuƙa. Duk da haka, yara su yi kallo daga nesa har mako biyu. Babba ɗaya ya riƙa duba su, da wankakken hannu, a gaban idon uwar.

Abin da na fi jiye wa ƙaramin nan shi ne sanyi. Ɗan kyanwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai ya kai kusan mako uku. A makon farko yana son makwanci mai ɗumin digiri 29 zuwa 32 a ma'aunin Selsiyus, kuma jikin uwa da na 'yan'uwansa ne ke ba shi wannan. Wanda aka ture gefe sai ya yi sanyi, in ya yi sanyi ya kasa tsotso, in bai tsotsa ba ya ƙara sanyi. Ki taɓa shi. Idan kin ji jikinsa da sanyi, kada ki ɗura masa komai, cikinsa ba zai narkar ba. Ki fara ɗumama shi a hankali a jikinki, ko da kwalbar ruwan ɗumi naɗe cikin tawul, sannan ki ɗora shi a nonon da ke can wajen ƙafafun baya, nan ruwa ya fi yawa.

Ido yana ruɗi, don haka ki auna su kullum a ƙaramin sikeli, ki rubuta. Ana haifar su da nauyin kusan giram 100, kuma ya kamata su ƙara giram 10 zuwa 15 a rana. Wanda ya kwana ya wuni bai ƙara ba, ko ya ragu, sai likitan dabbobi a ranar. In ta kama a taimaka masa, akwai madarar da aka haɗa musamman don 'ya'yan kyanwa, ana ba su duk awa 2 zuwa 3, yana kwance a kan cikinsa, ba a rigingine ba, don kada ta shiga huhu. Ta shanu gudawa take sa su, kuma gudawa tana ƙarar da ruwan jikin ɗan mitsitsin nan cikin ɗan lokaci.

Uwar kuma, ki ƙara mata abinci, mai shayarwa kan ci ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba. Nono mai kumburi da zafi, ruwa mai wari daga gabanta, ƙin abinci, ko karkarwa da sandarewar ƙafafu, duk na gaggawa ne. Kada ki ba ta parasitamol ko ɗan ɓalli, guba ne ga kyanwa. Haka maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin permethrin. Idan kin ga ƙuma a jikin 'ya'yan, ki tsefe da mataji mai ƙananan haƙora ki canja shimfiɗa, don ƙuma kan shanye musu jini. Ki kuma tsare ta daga muzuru, tana iya ɗaukar wani cikin tun ba ta yaye waɗannan ba.

Idanunsu za su buɗe da kansu wajen kwana 7 zuwa 10. Kada kowa ya buɗe musu da yatsa. Sai dai in kin ga fatar idon ta kumbura ko tana fitar da mugunya, a kai ɗan wurin likitan dabbobi a duba.