Amsar tambayar Anti kan hana giya a Amurka

Assalamu alaikum jama'a, Anti na ga tambayarki wai da gaske ne Amurka ta taɓa hana giya a ƙasar baki ɗaya, eh wallahi an yi, daga Janairun 1920 har Disambar 1933, kuma a cikin kundin tsarin mulkinsu aka saka ta, gyara na 18. Mata ne ma suka fi ɗaukar zafin neman a hana ta, don miji zai karɓi albashi ya tsaya a mashaya ya ƙarar, ya dawo gida ya hau matar da duka ga yara ba abinci, akwai wata Carrie Nation a jihar Kansas da ƙaramin gatari take shiga mashaya tana farfasa kwalabe, limaman coci da yawa suka mara musu baya.

Toh amma ki lura da nan, dokar ta hana yin giya da sayarwa da safararta, ba ta hana sha ba. Masu kuɗi tun kafin ranar da dokar za ta fara aiki suka cika ɗakunan ajiyarsu, likita ma yana da damar rubuta wa mutum wiski a matsayin magani. Talaka ne ya koma shan haɗin gida da wadda aka yi don aikin masana'antu ba don sha ba, ake satowa, ita kuma wannan gwamnati da kanta ta sa a ƙara mata guba wai don kar a sha, alhali an san ana sha, mutane suka makance wasu suka mutu, wallahi wannan ɓangaren shi ya fi min ciwo a duk labarin.

Sai 'yan fasa ƙwauri suka samu kasuwa, ana shigo da ita daga Kanada ta kogin Detroit, mashayun ɓoye ko'ina, 'yan sanda da 'yan siyasa suna karɓar na goro. Al Capone, wani shugaban 'yan daba mai fasa ƙwaurin giya, ya riƙe birnin Chicago, a 1929 aka harbe mutum bakwai a wani gareji kan rikicin kasuwar, shi kuma da aka tashi ɗaure shi a 1931 kan ƙin biyan haraji ne.

Masu cewa dokar ba ta tsinana komai ba ni dai ban yarda ba, shan giya ya ragu sosai musamman shekarun farko, mutuwa ta ciwon hanta ma ta ragu. Bayan tattalin arziki ya durƙushe a 1929 ne gwamnati ta fara hango harajin giya da ayyukan yi, ga mutane sun gaji da harbe-harbe da cin hanci, shugaban ƙasa Roosevelt ya hau mulki a 1933 aka soke dokar da gyara na 21, aka bar wa kowace jiha ta zaɓa. Mississippi ma ba ta saki tata dokar ba sai 1966.