Ga 'yar'uwar da hannun Baba ya shanye

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce ma'aikaciyar fisiyo, wato mai koyar da motsa jiki a asibiti, ta sa shi ya riƙa kallon motsin hannun wasu yana riya shi ne ke yi, shi kuma ya ce rainin hankali ne. Ki lallaɓa shi. Ni tela ne a unguwar Aboabo a Gana, hawan jini ya kayar da ni a kan keken ɗinki, hannun dama ya tafi.

Wallahi ba ciwon ne ya fi ƙona mini rai ba. Yaron da na koya wa riƙon almakashi, yana cin tuwon gidana, shi ya bi gida-gida ana shirin ƙaramar Sallah yana cewa maigida ya gama yawo, a kawo masa ɗinki. Har yadin da mutane suka bari a shagona ya kwashe. Ina kwance ina jin ƙarar kekena a hannunsa, ko dubiya bai zo ba. Na bar shi da Allah.

Abin da aka sa Baba ya riƙa yi ba tsafi ba ne. A 1995 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Pascual-Leone ya gwada a Amurka: waɗanda suka yi kwana 5 suna kaɗa fiyano a zuci kawai, sashen ƙwaƙwalwarsu mai sarrafa yatsu ya canza kusan kamar na masu kaɗawa da gaske. A Parma ta Italiya kuma an ga wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwar biri suna aiki in ya ɗauki abu, suna aiki in ya ga an ɗauka.

Kada ki kawo masa baƙon motsi. Jan carbi, ɗaga buta, kai kofin koko baki. Ki zauna gefensa ki yi a hankali yana kallo, ya rufe ido ya ji nauyin butar a tafinsa, ba da gaggawa ba, sannan nan take ya gwada ko da yatsa ɗaya ne zai amsa. In ya riya bai gwada ba, rabin aiki ya yi. Ni bayan asuba nake yi, kafin hayaniyar Zango ta tashi.

Madubi ma ya taimake ni: hannun da ya shanye a bayansa, mai lafiyar yana motsi ina kallon hotonsa. Ranar farko kuka na yi.

Kuma don Allah kada ya bar maganin hawan jini saboda masu tallar magani a motocin haya na tiro-tiro. Ki duba katinsa na inshorar lafiya, NHIS, in ya ƙare ki sabunta kafin ranar komawa asibiti.